Ba Sanyi Ne Ya Koro Ni Daga Ingila Ba

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda ta fito daga hannun mahaifinka, Malam Yahuza malamin gona, a Rurum, zuwa ga ɗana Hamisu a masaukinsa a Kano. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Allah ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, ya sauke ka a Ingila lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Na ba kawunka Alhaji Ɗanladi takardar, tun da motarsa za ta shiga birni ranar Lahadi, na ce ya danƙa maka ita hannu da hannu kafin ranar tashin jirginku. Ba labarin gida ba ne a ciki, gida lafiya. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, ko da ranka ya ɓaci a tsakiya, domin ni ma da ɓacin rai na rubuta ta.

Ranar da aka taru aka yi maka addu'a a gidan kawunka a Kibiya, bayan an watse, ka fito da takardun da jami'ar ta aiko maka kana nuna masa. A ciki akwai wani ɗan littafi mai koren bango. Kawunka ya tambaye ka na mene ne. Ka ce bayani ne a kan ofishin da ke kula da ɗaliban da suka zo daga wasu ƙasashe, da asusun taimako, da ƙungiyoyin ɗalibai. Sannan ka yi dariya ka ce, "Kawu, wannan na masu roƙo ne da masu son wasa. Ni karatu zan je yi. Gwamnati ta ba ni sukolashif, ba na bukatar kowa." Ka tashi ka bar littafin a kan tabarma. Na ɗauke shi, ga shi nan na haɗo maka da wannan takarda.

Ban tanka maka a gaban kawunka ba. Amma na tuƙo kekena daga Kibiya zuwa Rurum raina a ɓace, domin maganar da ka faɗa tawa ce. Ni na fara faɗin ta, kusan kalma da kalma, kana ƙaramin yaro. Kuma ita ta dawo da ni gida hannu wofi.

Duk ƙasar Rano an san labarin cewa Malam Yahuza ya je Ingila karatun aikin gona, sanyi ya kama shi, ya dawo bai gama ba. Kai ma da haka ka tashi. Na yi ciwo, gaskiya ne. Amma ba sanyi ne ya koro ni ba. Ni na fara faɗin haka, mutane suka karɓa domin labari ne mai sauƙin faɗa, ba ya kunyata kowa. Yau zan ba ka na gaskiya.

Lokacin da En'e, hukumar gargajiyar da nake yi wa aiki, ta zaɓe ni na haura shekara talatin. Ina yawo da keke daga Zurgu zuwa Unguwar Gai, ina nuna wa manoma takin zamani da yadda ake jera shuka. Kafin tafiya, Baturen gona da ke samanmu, wani Mista Gilbat, ya kira ni ofishinsa a Kano. Bai ce in zauna ba. Yana jin Hausa sosai, da ita ya yi mini magana. Ya ce, "Malam Yahuza, a can za ka tarar da 'yan Ikko da 'yan Gwalkwas. Suna da ƙungiyoyi, ba su da aiki sai surutu da zagin gwamnati. Duk wanda ya shiga cikinsu, sunansa yana riga shi dawowa teburin nan. Ku 'yan Arewa an san ku da kamun kai. Ɗakinka, ajinka, shi ke nan. Kuma kada ka riƙa kai kuka ofisoshi, sai a ce En'e ba ta iya kula da mutanenta ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na fito ina jin daɗi, wai an yabe ni da kamun kai. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Mutumin nan ya ɗaure mini baki ne tun kafin in taka jirgi, don kada wani kuka ya dawo ya ɓata masa fayil, ni kuwa na yi masa godiya. Wannan shi ne kuskurena na farko, daga gare shi sauran suka fito.

Yanzu an sami mulkin kai, Turawa suna ta haɗa kaya. Amma kujerun suna nan, namu ne a kai, kuma wasunsu sun gaji halin har da ƙari. Wani zai ce maka ka tsare mutuncin Arewa, kada ka yi ƙorafi. Ka saurare shi da ladabi. Sannan ka tambayi kanka, in ka yi shiru, kai za ka amfana ko shi? Ladabi na koya maka, ban koya maka haɗiye haƙƙinka don wani ya ji daɗin zama a ofis ba.

Na sauka Ingila bayan doguwar tafiya a jirgin ruwa daga Ikko. Kwana uku da isata garin da jami'ar take, da la'asar, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wani dogon baƙin mutum ne mai fara'a, ya ce sunansa Kwasi, daga ƙasar Gwalkwas ta nan Afirka ta Yamma, ajinmu ɗaya, kuma shi ne magatakardan ƙungiyar ɗaliban ƙasashen waje. Ya ce ranar Asabar akwai shan shayi na maraba da baƙi a ofishin wata mata, Misis Barlo, wadda jami'a ta ajiye musamman don ta kula da irinmu. Ya ce zai biyo mu tafi tare.

Ban ko matsa daga bakin ƙofa ba. Na ce masa, "Karatu na zo yi. Gwamnatina tana kula da ni, ba na bukatar kowa."

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "To, Malam. In ka sake shawara, muna nan."

Ka ji abin da rashin zuwa shan shayin nan ya jawo mini. Na kama haya a gidan wata mata a can ƙarshen gari, ɗaki mai danshi, da tsada, saboda ita kaɗai ta buɗe mini ƙofa bayan gidaje da dama sun ga fatata sun ce an cika. Ashe Misis Barlo tana da jerin gidajen da suka yarda da baƙi, kusa da jami'a, a farashin da aka daidaita. Na shafe watanni ba na cin komai sai burodi da ƙwai da shayi, don tsoron naman alade da mushe. Ashe akwai wani mahauci Musulmi a garin, duk ɗaliban Sudan da Pakistan sun san shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, na yi kusan shekara ban yi sallar Juma'a ba, ina cewa a raina na zo ƙasar da babu Musulmi. Ashe jami'ar ta ba ɗalibai Musulmi ɗaki guda suna haɗuwa kowace Juma'a, kuma tsakaninsa da ajinmu bai kai daga ƙofar gidanmu zuwa kasuwar Rurum ba. Duk wannan a wurin shan shayin ake faɗa wa baƙo. Ni na zauna a ɗaki ina tsare mutuncin Arewa, ina cin ƙwai.

Saboda haka, a makonka na farko, kafin ka sayi littafi ko ɗaya, ka nemi ofishin nan ka shiga da ƙafarka. Ka faɗi sunanka da garinku. Ka tambayi inda ake salla, inda ake samun yankan Musulmi, likitan da ɗalibai ke gani, da wanda ake gaya wa in mai gidan haya ya ci zalin mutum. Ka je tun kana lafiya, su san fuskarka, don ranar da ka zo da damuwa kada a fara da tambayar ko kai wane ne.

Ana shiga tsakiyar sanyi sai alawus ɗina ya tsaya. Wata ya ƙare ba a aiko ba, wani ya bi. Daga baya na ji cewa wani akawu ne, tsakanin Kano da ofishin da ke biyan mu a Landan, ya haɗa takarduna da na wani Yahuza da ya riga ya gama ya koma gida. Kuskuren alƙalami ne, wanda mutum ɗaya zai gyara kafin shayinsa ya huce. Me na yi? Na rubuta wa Mista Gilbat. Na cika shafi da gaisuwa da godiya, na ce karatu yana tafiya daidai, sannan a can ƙasa na ce in ba damuwa a ɗan duba maganar alawus. Bai ba ni amsa ba. Na sake rubutawa, da ladabin da ya fi na farko. Shiru. A ɗakina akwai murhun gas da sai an jefa masa sule yake kamawa. Na daina jefawa. Ina karatu da kwat da bargo, yatsuna ba sa iya riƙe alƙalami.

Hamisu, sukolashif ɗin da kake taƙama da shi takarda ce a hannun akawu. Akawu yana mantuwa, yana tafiya hutu, yana ɓatar da fayil. Ran da kuɗinka ya makara da mako guda, ka rubuta, ka sa maganar a layin farko ba a ƙarshe ba, ka ajiye kwafi, ka kai wani kwafin ofishin ɗaliban waje. Ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi abin da aka rubuta da sunansa.

Ana cikin haka sai malaminmu na ilimin ƙasar noma, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya tsayar da ni bayan darasi. Ina jin ya lura na rame. Ya ce yana neman ɗalibin da zai riƙa taya shi aiki a ɗakin gwaje-gwaje yamma biyu a mako, wanke kwalabe da auna ƙasa, kuma jami'a tana biya. Ya ce ya fi so ni, don na san ƙasar gona da hannuna, ba a littafi kawai ba.

Ka san amsar da ubanka ya bayar? Na miƙe tsaye sosai na ce, "A ƙasarmu ni ma'aikacin En'e ne, ina da leburori a ƙarƙashina. Ban zo wanke kwalabe ba."

Dattijon ya ce, "Na gane." Ya ba wani ɗan Indiya aikin. Cikina babu abinci, ɗakina babu wuta, amma na tafi ina jin na kare martabata. Ɗan Indiyan nan ya yi watanni yana taɓa na'urorin da ni sai dai in hango su daga bayan aji. Ranar jarrabawar gwaji, su aka ajiye mana a kan tebur. Shi hannunsa ya san su, ni ina juya su kamar baƙon abu. Ashe ba kwalabe dattijon ya miƙo mini ba, ilimin da na ƙetare teku don shi ne, har da lada a kai.

In wani malami ya ce ka zo ka taya shi aiki, ko share ɗaki ne, ka je. Kai da za ka koyi aikin injiniyan ruwa, ba a kan kujera za ka san famfo ba. Ka manta da cewa kai ɗan Malam Yahuza ne, ko ɗan 'yar'uwar mai mota a Kibiya. A can babu wanda ya san mu, kuma hakan rahama ce.

Wata rana jiri ya ɗebe ni a laburare, na faɗi tsakanin kantocin littattafai. Da na farfaɗo aka kai ni ofishin Misis Barlo, ofishin da na yi watanni ina kauce wa ƙofarsa. Mace ce gajera, mai furfura, ba ta da yawan murmushi. Ta ba ni shayi da biskit, ta jira na cinye, sannan ta ce, "Yaushe rabonka da alawus?"

Na ce ƙaramar matsala ce, gwamnatina tana kan gyarawa.

Ta ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba." Ta jawo wani fom ta ajiye a gabana. Ta ce jami'a tana da asusu don ɗalibin da ya shiga irin halin da nake ciki, in sa hannu kawai, a ba ni abin da zai riƙe ni har a gyara.

Na ce, "Ba na karɓar sadaka. A garinmu ni ke bayarwa."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Ba sadaka ba ce. Daga kuɗin makarantar da gwamnatinku ta biya ake ware shi. Manoman ƙasarku ne suka biya da harajinsu. In ka ƙi karɓa ba su za a mayar wa ba."

Na yi mata godiya na fita, fom yana kan tebur.

Wannan shi ne wurin da ya fi ba ni haushi a duk labarin. Ni ne fa mutumin da ya tsaya a Zurgu yana yi wa dattawa faɗa don sun ƙi karɓar irin gyaɗar da En'e ke rabawa, wai kada a ce sun rasa iri. Ni na ce musu da harajinku aka saya, naku ne, girman kai ne kawai ke hana ku. Baturiya ta maimaita mini maganata a fuskata, na kasa ganewa. Manoman Rurum da Zurgu sun sayar da gyaɗa da dawa sun biya haraji, an tura ni da guminsu, an tanadi abin da zai tsare ni in gama, ni kuwa na ƙi, don kada a ga hannuna a buɗe. Ba kaina kaɗai na cuta ba.

Ka bambance roƙo da haƙƙi. Roƙo shi ne ka nemi abin wani. Abin da aka tanada don ɗalibi, kai kuma ɗalibi ne, naka ne. Akwai na littattafai, akwai na tafiye-tafiyen ganin aiki lokacin hutu, akwai kyaututtukan da ake ba wanda ya rubuta abu mai kyau. Ba a bin mutum ɗaki da su. A allon sanarwa ake mannawa, kowanne da ranar rufewarsa. Ka mai da tsayawa gaban allon nan al'ada, ko sau ɗaya a mako. Wanda ka cancanta ka nema. In an hana ka, ba a rage ka da komai ba.

A cikin watan ne na ji cewa ba ni kaɗai aka riƙe wa alawus ba. Akwai wasu 'yan Afirka ta Yamma da irin wannan kuskure ya shafa. Su sun kai wa ƙungiya. Kwasi ya ɗauki sunayensu, shi da mutum biyu suka hau jirgin ƙasa zuwa Landan, suka zauna a ofishin biyan kuɗi suka ce ba za su tashi ba sai an buɗe fayil a gabansu. A yini guda aka gyara. Da sunana yana takardar, da an gyara nawa ranar. Waɗannan su ne mutanen da Mista Gilbat ya ce ba su da aiki sai surutu.

Ba ina ce maka ka je ka zama ɗan siyasa ba. Na ga waɗanda taro ya cinye musu karatu, kullum suna kan tebur suna jawabi, suka dawo da murya babu takarda. Amma ka shiga ƙungiyar ɗaliban waje, ka biya kuɗin shiga, ka halarci taro. Ka shiga ta Musulmi. Ka ƙara da guda wadda Turawan kansu suke ciki, ko ta ƙwallo ko ta masu karatun injiniya, don a nan za ka ji Turancin da ba a koya maka a Kano ba, a nan kuma ake jin labarin aiki da tallafi tun kafin a manna. In an ba ka wani ɗan muƙami, ko na jera kujeru ne, ka riƙe shi da gaskiya. Kada ka auna mutum da addininsa ko ƙabilarsa kafin ka ga aikinsa. Zancen da zan ba ka yanzu shi ya koya mini haka.

Sanyi da yunwa suka haɗu suka zama ciwon haƙarƙari. Na kwanta asibiti makonni. Babu wanda ya san ni a garin nan, don ban bari an san ni ba. Mutum ɗaya ne ya zo duba ni, Kwasi, wanda na tsayar a bakin ƙofa. Ya zo da lemo da kwafin darussan da na rasa, da hannunsa ya rubuta. Ba Musulmi ba ne, amma shi ya je ya gaya wa ɗaliban Sudan akwai ɗan'uwansu a kwance, suka zo suka yi mini addu'a. A bakinsu na fara jin labarin ɗakin Juma'a.

Kwasi ya ce mini, "Malam, akwai doka. Ɗalibin da ya yi jinya yana iya neman a ɗaga masa jarrabawa, jami'a ta riƙe shi wani zango. Takardar likita kawai ake so da fom ɗaya. Amma sai kafin jarrabawa. In ka shiga ka zauna, shi ke nan. Ga fom ɗin na kawo maka."

Na ce zan duba.

Ya ce, "Kada ka duba, ka sa hannu. Ni zan kai."

Ban sa ba. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, in aka ɗaga mini jarrabawa dole a rubuta wa Kano, Mista Gilbat ya ji cewa na kai kuka. Mutumin da bai amsa takarduna ba ina cikin yunwa, shi nake tsoron ɓata wa rai. Na fito asibiti, na shiga jarrabawa, na faɗi.

Sai a sannan na je ofishin Misis Barlo da kaina. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Da ka zo kafin ka zauna, da na tsaya maka. Yanzu ba ni da iko." Ta rubuta wa Kano duk da haka, tana roƙon a ba ni wata dama. Amsar da ta zo tikitin jirgin ruwa ce. A makon nan ne kuma alawus ɗina da aka riƙe ya iso gaba ɗaya, lokacin da ba shi da sauran amfani.

Kwasi ne ya ɗaukar mini akwati zuwa tasha. Da jirgin ƙasa zai tashi ya ce, "Ba ka taɓa zuwa taronmu ba, amma sunanka yana littafinmu tun ranar da ka iso." Kunya ta hana ni ko tambayar adireshinsa. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

In ciwo ya same ka, ko karatu ya fi ƙarfinka, ko kewar gida ta hana ka fahimta, ka faɗa da wuri. Dokokinsu suna da ƙofofi, amma kowace ƙofa da lokacinta. Kuma in wani ya kawo maka taimako har inda kake, ka karɓa ka ce na gode. Ba zan ce maka duk Turawa mutanen kirki ba ne. Za a rufe maka ƙofa saboda fatarka, wani malamin zai yi kamar bai ga hannunka a sama ba. In hakan ta faru ka ji haushi, ya cancanta. Amma kada ka kai haushin ɗaki ka rufe kanka da shi kamar yadda na yi. Ka kai shi inda za a rubuta shi a yi wani abu.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi.

Da na dawo, Mista Gilbat ya zo rangadi ya sauka a barikin Rano, ya aika a kira ni. Na zaci zai tambaye ni abin da ya faru, ko ya ce wani abu a kan takarduna da ya ƙi amsawa. Sai ya ce, "Kada ka damu, Malam Yahuza. Dama na faɗa musu da sauran lokaci kafin malaman gonarmu su iya irin wannan karatu." Ya rubuta haka a rahotonsa. Ina tsaye, na san ƙarya ne, na san ba kaina ne ya gaza ba, na san rabin laifin a teburinsa yake. Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Akwai wanda aka riga aka sa sunansa zai bi bayana shekara mai zuwa. Malam Iro ne na Unguwar Gai, abokin aikina, wanda ka sani, wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Saboda rahoton nan aka soke tafiyarsa. Kafin a sake buɗe hanyar, an ce shekarunsa sun wuce. Har yau yana nan yana auna gonaki da igiya, yara da ya koya wa aiki suna ba shi umarni. Duk shekarun nan muna gaisawa, muna cin abinci a akushi ɗaya in rangadi ya haɗa mu, yana yi mini jaje a kan sanyin Ingila, ina amsawa.

Maganarka a Kibiya ta hana ni sukuni, har shekaranjiya na hau keke na tafi Unguwar Gai. Na same shi a gindin ɗorawa a bakin gonarsa yana gyaran fartanya. Na zauna na faɗa masa duk abin da na rubuta maka a nan, ban rage komai ba. Bai ɗago kai ba har na gama. Sannan ya ce, "Yahuza, akawun ofis ya nuna mini rahoton tun a shekarar. Takardar Baturiyar nan ma tana cikin fayil, na karanta. Na san ba sanyi ba ne."

Na ce, "Ka sani, ba ka taɓa ce mini komai ba?"

Ya ce, "Ina jira ne in ga ko za ka faɗa." Ya ci gaba da ɗaure fartanyarsa. Can ya ce, "Na yafe maka tuntuni, amma ban daina jin zafi ba, kada in yi maka ƙarya. Yaron ya tafi?"

Na ce sai mako mai zuwa.

Ya ce, "To me kake yi a nan? Je ka rubuta masa. Ka gaya masa akwai wani a bayansa da bai sani ba, wanda tafiyarsa take rataye da dawowar tasa."

Ga shi na rubuta. Ban san wane ne a bayanka ba. Wataƙila yanzu yana aji a Rano ko Kibiya, bai ma san akwai wata ƙasa Ingila ba. Ka gama karatunka, ka nemi duk taimakon da zai sa ka gama, don kada wani ya ɗauki alƙalami ya rufe masa hanya da sunanka.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka zuciyar gane su in sun zo. Allah ya tsare maka addininka da lafiyarka, ya kare ka daga sharrin mutum da sharrin kanka. Allah ya buɗe maka abin da ka je nema, ya dawo mana da kai muna raye. In ba mu da rabon ganawa, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini ƙaryar da na bar ka ka tashi da ita. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Malam Yahuza, Rurum.